Fim ɗin 'yan fashin teku: a je silima, a shiga gidan kallo, ko a shimfiɗa tabarma a tsakar gida?

Wata Juma'a cikin bazarar nan, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata da ke karatu a Samaru ya biyo ta gidana a Tudun Wadar Zariya. Ko ruwa bai gama sha ba ya zaro waya ya nuna mini wani guntun bidiyo. Mutum ne tsaye a can ƙololuwar sandar jirgin ruwa, iska tana kaɗa masa gashi da tsummokara, yana hangen nesa kamar wani sarkin yaƙi. Sai da aka nuno ƙasa aka ga ashe ɗan kwalekwale ne, ruwa ma ya kusa cinye shi. Ya ce, "Kawu, an ce kai a silima ka ga wannan. Wai da gaske ne in ba a can ba mutum bai kalla ba? Mu huɗu ne muke so mu haɗa kuɗi mu je."

Na ce masa ya fara ajiye kofin tukuna. Abin da ya nuna mini kashi na farko ne na Pirates of the Caribbean, wato 'yan fashin tekun Karebiyan, wanda ya fito a 2003, kuma ni a faifan DVD na fara ganinsa, a 'yar talabijin mai doro. Wanda na gani a silima na biyar ne, na 2017. A tsakani akwai na 2006 da na 2007 da na 2011, duka Johnny Depp ne yake fitowa a matsayin Kyaftin Jack Sparrow, mai kwallin nan da ke tafiya kamar ƙasa tana gudu da shi. Gidan silima kuwa ba rumbu ba ne. Sabon fim suke haskawa na 'yan makonni, da ya daina kawo mutane su sauke shi su ɗora wani. Ko da yaran nan sun haɗa kuɗin sun kama hanya, da wuya su tarar da Jack a allo. Amma tambayar tasa ba ta mutu ba, domin gobe wani irinsa zai fito, kuma mutumin Zariya zai sake tsayawa yana lissafin inda ya fi dacewa ya kalla.

Kafin a yi maganar kuɗi, a fara sanin abin da irin wannan fim yake nema. Ba irin fim ɗin falo ba ne, inda mutum biyu za su zauna a kujera suna musayar magana, ko a allon da bai wuce tafin hannu ba ka fahimci komai. Wannan faɗi yake so, da duhu, da ƙara. Mu nan babban ruwan da muka sani shi ne Galma in ta kawo da damina, sai Kubanni da dam ɗin jami'a. Da yawanmu har mu tsufa ba mu taɓa tsayawa a bakin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. To rabin daɗin fim ɗin a gare mu tekun ne kansa: yadda jirgi mai hawa uku yake zama kamar ɓawon gyaɗa a tsakiyarsa, yadda igwa take tashi katako ya tarwatse. Sannan manyan wurarensa da dare ake yin su. A kashi na farko, la'anar zinariyar nan guda 882 ba ta bayyana sai farin wata ya haska mutum, a ga ashe ƙwarangwal ne yake tafiya. Duk allon da ba ya iya raba baƙi da baƙi-baƙi ya cuce ka a nan.

Silima dai na je, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Kashi na biyar ya fito ranar 26 ga Mayu, 2017, washegari muka tashi da azumi, don haka sai da aka gama hawan salla sannan ni da ƙanena muka shiga mota a Kwangila muka nufi Abuja. Akwai wani wuri tun farkon fim ɗin inda ɓarayin suka ɗaura wa akwatin kuɗin banki igiya don dawakai su ja, sai ga ginin bankin gaba ɗaya ya biyo su yana share titi. A wannan zaure, ƙarar ba ta kunne kaɗai ba ce, a ƙirji nake jin ta, kujerar ma rawa take. Mutum ɗari da wani abu suka fashe da dariya lokaci guda, ni ma da nake ji da girma na tsinci kaina ina buga cinya. Lokacin da teku ya dare biyu a can ƙarshe, ƙanena ya riƙe mini hannu bai sani ba. Wannan abin babu talabijin ɗin da za ta ba ka shi. Duk wanda ya ce maka ɗaya ne, bai shiga ba.

Sai dai a lissafa abin da ya ci. Tikitin shi ne ƙaramin abu a ciki, kuma a nan mutane suke ruɗuwa. Ni duk lokacin da na so irin wannan babban zaure, tafiya nake yi. Kaduna kusan kilomita 80 ce daga nan, Kano kusan 150, Abuja ta haura 250. A shekarar da muka je, litar fetur naira 145 ce. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya zama wani abu dabam, har lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Ka sa kuɗin zuwa da dawowa, ka sa na tasi daga tasha zuwa kantin da silimar take ciki, domin irin waɗannan wurare ba a bakin tasha ake gina su ba. Ka sa abincin rana. Kafin ka ga ƙofar zauren ka riga ka biya tikitin sau da yawa.

A ƙofar ne aka fara ɓata mini rai. Na sayi kilishi a hanya, na sa a jaka da gorar ruwa. Wani matashi mai rigar aiki ya leƙa jakar ya ce, "Yallaɓai, ba a shiga da abinci daga waje." Na ce kilishi ne fa, ba tuwo ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya ji wannan magana sau dubu, ya nuna mini inda ake sayar da gugguru. Gugguru dai da muka sani, wanda yara suke saya a ƙulli a bakin makaranta, shi ne aka zuba a kwali aka ce in biya kuɗin da ya kusa kama na tikiti. Daga baya na gane ba mugunta ce zalla ba, tsarin kasuwar ne. Kuɗin tikiti raba shi ake yi da masu fim ɗin da dillalansu, kaso mai tsoka yana tafiya can. Abin da gidan yake ci shi kaɗai shi ne gugguru da lemo, shi ya sa suke tsare ƙofa kamar kwastan. Kuma gishirin da ke ciki ba a banza yake ba, rabin kwali za ka ci ka tashi neman abin sha. Fahimtar dalilin dai ba ta rage mini zafin biyan ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma in suka taru suna da nauyi. An rubuta ƙarfe biyar, sai da aka yi kusan minti ashirin ana tallace-tallace da nuna guntayen finafinan da ba su fito ba. Sanyin na'ura kamar an sa mutum a firji, ni kuwa 'yar shara ce a jikina. Aka ba mu tabarau na musamman da ke sa hoto ya fito kamar za ka taɓa shi, na ɗora a kan nawa na ido, biyu ke nan a kan hanci ɗaya, ga shi yana rage hasken hoton, fim ɗin da dama rabinsa dare ne. A gabana wata baiwar Allah ba ta ajiye waya ba tun daga farko har ƙarshe, hasken yana dukan idona. A bayana wani ya riga ya kalla, yana gaya wa budurwarsa abin da zai faru kafin ya faru. Ba ka da ikon cewa a tsaya, ba ka da ikon cewa a mayar baya. Fitsari ya kama ka, ko ka riƙe ko ka bar kuɗinka yana tafiya a allo.

Wanda ya fi damuna shi ne lokaci. Fim ɗin minti 129 ne, ka haɗa da talla, mun shiga da rana mun fito an daɗe da idar da magariba, sai a wani lungu kusa da wurin ajiye motoci muka samu muka yi. Shi ne ma mafi gajarta a cikinsu. Na uku minti 169 ne, awa uku ba kaɗan, duk yadda ka juya shi da yamma sai ya haɗiye maka salla ɗaya. Daga nan kuma ga dare ya yi, kuma kowa ya san halin da hanyar Abuja zuwa Kaduna take ciki a shekarun nan. Mun je kallon 'yan fashin teku, sai ga mu muna tsoron na tudu. Dole muka nemi gidan wani ɗan'uwa muka kwana, da safe muka ba yaransa ɗan abin alheri, muka kamo hanya. Fim ɗin awa biyu ya cinye kwana biyu. Kano ta fi sauƙi a wannan fuska, mutum zai iya sammako ya shiga na rana ya dawo kafin duhu, amma yinin dai ya tafi.

Hukuncina a kan silima shi ne, ta cancanci kuɗinta in dama wata hidima ce ta kai ka garin, biki ko aiki ko ziyara, kuma sabon fim ne irin mai teku da igwa. A nan tikiti da gugguru kawai za ka ƙara a kan tafiyar da dama za ka yi, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Amma a ce ɗalibai huɗu su tashi takanas daga Samaru don fim kaɗai, wannan in ba sau ɗaya ba don a ce an taɓa gani, ban ga dalilinsa ba.

Gidan kallo na unguwa kuwa, ba sai na faɗa wa ɗan Zariya yadda yake ba. Rumfar kwano, bencina, talabijin biyu ko uku a jere, inji yana ruri a bayan katanga. Kuɗin shiga bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Matsalarsa ta farko, gidan ƙwallo ne kafin ya zama na fim. Asabar da Lahadi na gasar Ingila ne, Talata da Laraba in ana gasar zakarun Turai ba mai saurarenka. Fim sai a ranakun da babu wasa, kuma ba kai za ka zaɓa ba, abin da mai gidan ya ga dama ko abin da masu rinjaye suka nema shi za a sa. Ƙarar inji tana cinye kiɗan, kwanon yana mayar da zafin rana har goman dare, wani yana busa sigari a gefenka, hannunka ɗaya kuma yana kan aljihu saboda waya. Mace ba ta shiga, magidanci ma in ya shiga sai an yi da shi a majalisa.

Duk da haka akwai abin da gidan kallo yake da shi wanda ko silimar Abuja ba ta da shi. A can in ka yi magana harara za ka sha, a nan kuwa surutun shi ne rabin kallon. Kullum akwai wani wanda ba wanda ya naɗa shi amma ya zama tafinta, yana fassara Turancin yadda ya ga dama, yana raɗa wa kowane ɗan wasa suna. Jack ya zama "Ɗan Ƙwaya", mai gemun nan da ke yawo da biri a kafaɗa ya zama "Alhaji". A kashi na biyu akwai inda mutum uku suke faɗan takobi a kan wata ƙatuwar ƙafar injin niƙa da ta ɓalle tana gangarawa cikin daji. Irin wannan wuri, a gidan kallo ya fi daɗi, domin ihun da ake yi ya fi na ƙwallon da aka ci a minti na casa'in. Saurayin da abin dariyar yake nema, ba kyan hoto ba, ba zai yi asara a nan ba.

Sai waya, wadda ita ce gaskiyar yadda yawancinmu muke kallo yanzu. Ka je shagon masu tura finafinai a PZ ko cikin kasuwar Sabon Gari, ka miƙa memori ko wayar kanta, cikin minti kaɗan an zuba maka duka biyar da ɗan canjin da bai taka kara ya karya ba. Araha kam babu kamarta. Amma araha ba ta ado. Don fim ya shiga waya da yawa, matse shi ake yi, fim ɗin awa biyu da rabi a mayar da shi megabait ɗari uku ko huɗu, kuma abin da matsewa take fara ci shi ne wuraren duhu. Daidai inda farin wata zai haska ƙwarangwal, sai ka ga allon ya zama dabbare-dabbaren baƙi kamar an zubar da tawada. In da rana kake kallo a cikin bas ɗin Samaru, fuskarka kawai za ka riƙa gani. Jirgin da aka kashe miliyoyin daloli don ya cika ido ya koma tsawon ɗan yatsa. In kuma sabon fim ne, sau da yawa wanda aka ɗauka da kyamara a cikin wata silima za a tura maka, kana ganin inuwar kawunan mutane, kana jin tarin wani, ga tallar caca tana ratsa tsakiyar allo.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa: kallon ɓarayi ne a kwafin sata. Satar fasahar da ta durƙusar da kasuwar faifai ta finafinan Hausa ita ce dai wannan, don mai kayan yana Amurka ba ta canza suna ba. Hanyar halak ɗin ce ba a sauƙaƙa mana ba. Finafinan na kamfanin Disney ne, kuma lokacin da manhajarsu ta Disney+ ta shigo Afirka a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen Larabawa na arewa aka buɗe wa, ba a sa Najeriya ba. Abin da ya rage shi ne mutum ya dace da shi a tashoshin finafinai na tauraron ɗan'adam, ko ya samu faifai na asali, ko ya biya haya ta intanet in katinsa ya yarda. Mai kallo kai tsaye ta intanet kuma ya yi lissafin data. A ƙiyasin da Netflix suke bayarwa, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 1 a hoto na yau da kullum, har zuwa 3 a hoto mai kyau. Finafinan nan biyar in ka haɗa su minti 729 ne, awa goma sha biyu da 'yan mintuna. Ke nan gigabait 12 a ƙasa, 36 in kana son ka ga tekun yadda yake. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wayar da ake ce wa kyauta, ba kyauta ba ce.

In dai wayar ce kaɗai gare ka, abu uku za su rage asarar. Ka ce wa mai turi ya ba ka babba, ba matsattse ba, ko da fim ɗaya zai cike gurbin biyar. Ka bari sai dare, ka kashe fitila. Ka sa abin kunne, domin kiɗan fim ɗin nan, wanda Hans Zimmer yake da hannu a ciki tun daga na farko, shi ne yake ɗaga jirgin, 'yar lasifikar waya kuwa mayar da shi take kamar kukan sauro. In ka dace da mai fassarar Hausa, ka san cinikin da kake yi. Za ka fahimci labarin, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don Turancin Jack ko ɗan jami'a sai ya kasa kunne, magana yake kamar bakinsa cike da goro. Amma mai fassara yana danne sautin asali don a ji muryarsa, yana kuma ƙara nasa barkwancin. Wani ya fi son haka. Ni na fi son in ji igwa.

Abin da na ba yaron shawara, kuma shi muka yi, shi ne hanya ta huɗu, kallo a tsakar gida. Talabijin mai faɗi wadda ta kai inci 32 ko fiye, a fito da ita tsakar gida bayan isha'i, a haɗa ta da babbar sifika irin ta masu biki ko ta aro, a kashe duk wani ƙwan lantarki. Wanda zai iya samun aron majigi ya fi kowa morewa, farin bango ko zanin gado da aka ɗaure da kyau ya ishe shi, hoton kuma zai kai girman ƙofar zaure. Ba silima ba ce, kada in yaudare ka. Ƙirjinka ba zai yi rawa ba. Amma kashi bakwai cikin goma na abin da na samu a Abuja na same shi a nan, da kuɗin da bai kai na motar mutum ɗaya ba, kuma mu goma sha uku muka kalla.

Ita ma tana da nata ciwon kan. Na farko wuta, wadda ba a yi mata alkawari. Dole a tanadi inji da fetur, a kai shi can bayan gida da doguwar waya don kada rurinsa ya shiga cikin fim. Mai sola da batir shi ne sarki a nan, domin talabijin ta zamani ba ta cin wuta sosai. Na biyu yanayi. Da damina hadari yana iya tashinku a tsakiyar yaƙi, ga sauro. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin Zariya ba ya barin mutum ya zauna a waje awa biyu da rabi sai da bargo, ƙura kuma ba ta yi wa majigi kyau. Maris da Afrilu su ne lokacinsa, tun da dama zafi ya koro kowa waje. Na uku, gida gida ne: za a yi sallama, za a aiko yaro karɓar wani abu, jariri zai farka.

Amma a nan na'urar tsayarwa tana hannunka, kuma ga magidanci wannan ya fi girman allo muhimmanci. Finafinan nan ba na ƙananan yara ba ne, ko da sunan Disney yana kai. A Amurka ma an yi musu alamar cewa 'yan ƙasa da shekara 13 sai da lurar iyaye, kuma na 2003 shi ne na farko da kamfanin ya fitar da sunansa da wannan alama. Giya ba ta barin hannun Jack. Akwai 'yan wurare na sumbata da za ka so ka wuce da sauri in surukarka tana zaune. Na uku yana buɗewa ne da rataye mutane layi-layi, har da ƙaramin yaro. Akwai kuma zancen allahiyar teku da jirgin da ke kwasar matattu, wanda yake buƙatar babba ya ce wa yara tatsuniya ce irin ta Gizo, ta mutanen wata ƙasa. A silima ba ka da bakin yin ko ɗaya daga cikin wannan. In za ku fara, ku fara da na farko, shi ya fi labari mai kan gado kuma ya fi jure ƙaramin allo. Na biyu, mai dodon tekun nan da ke naɗe jirgi da hannaye, wanda ya ci kyautar Oscar ta gwanintar haɗa hoto, da na uku mai yaƙi a cikin ruwan da ke juyawa kamar ana tuƙa tuwo, su ne suka cancanci a sha wahalar neman majigi.

Mu ma kashi na farko muka sa, mun kuma tsayar da shi sau uku a daren. Na farko don a kawo tsire. Na biyu don ɗaya daga cikin abokan yaron ya ce, "Baba, wai an yi irin mutanen nan da gaske?" Na ce an yi, kuma ba can Karebiyan kaɗai ba. Garin Port Royal da ake nunawa gari ne na gaske a Jamaika, girgizar ƙasa ta nutsar da babban ɓangarensa a 1692. Wanda ake lissafawa cikin mafi ɓarna a cikinsu kuwa, Bartholomew Roberts, a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma ya ƙare. A farkon 1722 ya shiga tashar Wida da ke Jamhuriyar Benin ta yanzu ya tare jiragen da ke wurin, bayan 'yan makonni jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi kusa da gaɓar Gabon. Aka kai mutanensa Cape Coast a Gana ta yau aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Jiragen da suke farauta a nan kuma yawancinsu na cinikin bayi ne, shi kansa a irin wannan jirgi yake aiki kafin ya shiga fashi. Wannan ɓangaren ba ya cikin abin da ake sa wa kiɗa. Yaran suka yi shiru kaɗan, sannan wani ya ce a ci gaba.

Na ukun Hajiya ce ta jawo. Tun farko ta ce ita ba ruwanta da shirme, ta juya mana baya a kan darduma tana jan carbi. Can wajen tsakiya na lura carbin ya tsaya. Da aka nuno Jack kusa, haƙoran zinariya da kitson da ya dunƙule, sai ta ce, "Kai, tsayar mini. Wannan mai kwallin, shi ba shi da dangi ne da za su kama shi su yi masa wanka?" Sai da muka yi minti biyar ba a iya ci gaba ba.

Saura kamar minti ashirin a gama, suna cikin kogon zinariya ana ta sara, inji ya yi tari biyu ya mutu. Lita biyun da na saya ta ƙare. Ɗan yayata ya haska fitilar waya ya ce, "Kawu, kuɗin da muka haɗa na mota fa suna nan." Na ce ya ɗauki galan ya duba ko mai bumburutun bakin titi bai tashi ba. Hajiya ta ce ya yi sauri, ita tana so ta ga ko za a kama mai birin.